Firjin Doña Sixta

Ni ban ga ranar da aka mayar da mu masu kuɗi ba. Ina Barranquilla a lokacin, ina wanke wa wasu mutane kwanuka da bayan gida. Daga baya Baba ya ba ni labarin, yana dariya kamar a gidan wani abin ya faru. Haka yake, Evaristo Polo, masuncin da ko kwalekwalensa ya kife sai ya fito yana tsokanar kogin.

A shekarar ne sabuwar dokar lafiya ta iso garinmu, Santa Rita del Caño. Rediyo ya ishe mu da ita safe da yamma. Wai kowa zai samu kati, talaka zai shiga asibiti kamar mutum. Mai albashi a cire a albashinsa, marar shi gwamnati ta biya masa. Sai kuma aka biyo da sharaɗi. Kuɗin ba za su ishi kowa ba, don haka za a turo ma'aikata gida-gida su auna talaucin mutane. Za su dubi rufinka da daɓenka da abin da ke ɗakinka, su ba ka maki. Idan makinka kaɗan ne, katinka kyauta. Idan ya yi yawa, ka ji da kanka.

Mutanen Santa Rita ba su yi karatu mai zurfi ba, amma wannan lissafin ba wanda ya koya musu. Ma'aikatan sun fara daga bakin coci suna gangarowa wajen kogi, duk gidan da suka gama sai su liƙa sitika a ƙofa. Su suna bin layi ta gaba, kaya suna bin bayan gida. Talabijin ya tsallake shinge, fanka ta bi ta cikin ayaba, duk suna neman gidan da aka riga aka liƙa wa sitika. Matar da jiya ta cika mana kunne da sabon murhun gas ɗinta, yau ga ta durƙushe tana hura itace, hawaye na zuba, tana jiran baƙi.

Gidanmu ne na ƙarshe, can bakin ƙorama, rufin kaba, daɓen ƙasa. Wata safiya Mama ta raka Baba wajen mai magani, saboda ƙayar kurungu ta soke shi a tafin ƙafa, ga shi da ciwon suga, ciwon ya ƙi rufewa. Da suka dawo suka tarar da sitika a ƙofa. Ta sauran gidaje koriya ce, tamu ruwan ɗorawa. Ba wanda ya tsaya tambayar bambancin. Sitika dai sitika ce, an gama da gidan Temilda, wato Mama.

Doña Sixta ce ta fara zuwa. Ita ta riƙe ni ranar baftisma, shi ya sa ita da Mama ba sa kiran juna sai komadre, kuma a wajenmu wannan zumunci ya fi na jini nauyi. Tana sayar da ƙanƙara da lemon leda, firjinta ne ke ciyar da gidanta.

"Komadre, tunda ku an gama da ku, a ɗan ajiye min yaron nan zuwa jibi," in ji ta, ga firji a kan amalanken jaki an lulluɓe shi da zanin gado.

Mama ta ce a shigo da shi. Kafin rana ta karkata, talabijin ɗin Don Wilfrido mai kanti ya biyo baya, sai keken ɗinkin surukarsa, fankoki, murhun gas, kujerun katako masu sheƙi. Baba ya ce da ƙyar yake samun hanyar zuwa lilonsa na kwanciya. Doña Sixta ta sa aka jawo waya daga maƙwabta don kada ƙanƙararta ta narke, firji ya kama gurnani a ɗakin da bai taɓa ganin wutar lantarki ba.

Washegari da hantsi aka yi sallama a ƙofa. Wata budurwa ce da hula da allon rubutu, zufa ta jiƙa mata riga. Ashe sitika mai ruwan ɗorawa cewa take an zo ba a samu kowa ba, za a dawo.

"Da kin ga uwarki, Nelcy," in ji Baba lokacin da yake ba ni labari. "Ta goge kujerar Wilfrido da gefen zaninta, ta ce bismilla ki zauna 'yata. Ta kunna mata fanka. Ta buɗe firji ta ɗauko lemo mai sanyi kamar da shi aka haife ta."

Yarinyar ta sha, ta dubi ɗakin, ta fara rubutu. Ta tambayi Mama ko duk kayan nan nasu ne.

A nan ne ya kamata Mama ta buɗe baki. Amma wanda bai san Temilda ba ba zai gane ba. Mace ce da in ba a ɗora tukunya a gidanmu ba sai ta hura wuta ta tafasa ruwa, don maƙwabta su ga hayaƙi. A gaban baƙuwa ta ce ba ta da ko kujerar zama? Sannan ta ce na wane ne da na wance, ta tona asirin komadre da ta ba ta amana? Mama ta gyara zama ta ce, "Muna dai godiya ga Allah."

"Ni kuma fa?" Baba ya ce. "Na buɗe baki, ta harare ni. Shekara nawa ina zaune da wannan harara, ban taɓa cin nasara a kanta ba. Na ce a raina, to Evaristo, yau kai ne attajirin Santa Rita, ji daɗinka."

Mama ta dangwala yatsa a takarda, yarinyar ta liƙa koriyar sitika ta tafi. Da aka gama da garin kowa ya zo ya kwashe kayansa. Doña Sixta ta bar wa Mama ƙanƙara ɗaya ta godiya.

Bayan 'yan watanni aka raba kati a farfajiyar makaranta. Don Wilfrido mai kanti ya samu. Doña Sixta da mijinta suka samu. Har mai injin niƙa, wanda ke da babur, ya fito a cikin talakawa na ƙin ƙarawa. Mama ta tsaya a rana har aka naɗe tebur, ba a kira sunan Polo ba. A wannan makon ta aiko min cewa ƙafar Baba ta kumbura, na ajiye aikina na hau mota.

Tun daga ƙofa na ji warin. Baba yana lilo, ƙafar a naɗe da tsumma da ganye, yana gyaran taru kamar gobe zai shiga ruwa.

"Ga 'yar birni! Me kika kawo mana, ko sai ƙiba?"

Ban yi dariya ba. Na kwance tsumman, na ga abin da na gani, da safe muka ɗauke shi a jirgin ruwa zuwa babban gari.

Likitan da ya duba shi saurayi ne, idonsa ja don gajiya, kuma bai yi mana ƙarya ba. Ya ce ƙafar za ta tsira idan aka kwantar da Baba, aka yi masa aiki aka kankare ruɓaɓɓen naman, aka yi ta ba shi magani ta jijiya na wasu makonni. Sai ya miƙo hannu.

"Katinsa?"

Na ce babu.

"To albashi yake ɗauka?"

"Eh, likita," in ji Baba. "Kogi ne ke biyana, sai dai ya daɗe bai yi ƙarin girma ba."

Likitan ya yi murmushin da bai kai ido ba. Ya jawo ni gefe ya rage murya. Da, kafin dokar, in ji shi, asibiti yana da ɗan abin da yake rufa wa marasa hali asiri. Yanzu kuɗin yana bin kati ne, marar kati sai ya biya daga aljihunsa. Abu ɗaya ne doka ta hana su ƙi, wato gaggawa.

"Wannan ba gaggawa ba ce?" na tambaye shi.

"Yanzu a'a. Idan ta yi baƙi, zazzaɓi ya kama shi, wannan gaggawa ce. Ki kawo shi, ba wanda zai tambaye ki kati."

"Sai a yi me?"

Ya dubi gwiwar Baba. Na gane. Ceton ƙafa yana da tsada, yanke ta kuwa gwamnati ta ɗauki nauyi. Ya wanke ciwon, ya ba mu ƙwayoyin da wani ya bari a aljihun teburinsa, ya ce mu yi maza mu gyara maganar katin.

Na ja Mama zuwa ofishin da ke kula da makin. Ta saka rigarta ta zuwa coci. Ma'aikacin wani mai ƙaton ciki ne, fanka na kaɗa masa takardu. Ya nemo tamu ya karanta da ƙarfi, mutanen layi suna ji.

"Firji. Talabijin. Keken ɗinki. Murhun gas. Kai, Doña, ai ko ni ban kai ki ba. Me kike nema da katin talakawa?"

"Ba namu ba ne," na ce. "Ajiya aka kawo."

"Kowa haka yake cewa, 'yan mata. Irin wannan ne ke cinye kuɗin lafiya a ƙasar nan." Ya ce hanya biyu ce. Ko mu rubuta neman a sake zuwa duba gidan, mu jira sai an samu kasafi an turo ma'aikata, shi kansa bai san yaushe ba. Ko kuma wadda ta dangwala yatsa ta faɗi masu kayan da bakinta, ɗaya daga cikinsu ya zo ya shaida, a gyara cikin mako. Sai dai duk wanda aka ambata za a karɓe katinsa.

Ya ɗaga biro ya dubi Mama. Ni ma na dube ta.

"Mama, faɗi."

Ta kafa wa bango ido.

"Mama, ƙafar Baba ce fa!"

"Ban san na kowa ba," in ji ta a hankali.

Ni na faɗa. Na jero su ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, Sixta, Wilfrido, surukarsa, mai injin niƙa. Ma'aikacin bai rubuta ko harafi ba, ya ce ba ni na dangwala ba. Amma a layin akwai 'yan Santa Rita, kuma labari ya riga mu isa gida.

A jirgi ban saurara mata ba.

"Kin zaɓi firji a kan mijinki."

"Rufe min baki, Nelcy. Ke gobe za ki koma birni, ni a nan zan mutu. Wa ya ba mu rance lokacin ambaliya? Wa ya wanke gawar ƙanenki? Mijin komadre da ƙwayar katin nan zuciyarsa ke bugawa. In kashe shi don in ceci ƙafa?"

"Su wa ya ce su kawo mana kayansu?"

"Ni na ce su shigo. Za a sake zuwa dubawa, Allah ba zai bar mu ba."

Na ji haushinta har ban iya kallonta ba, na kuma ji tausayinta, wannan ya ƙara min haushi. Ta riƙe jakarta a cinya da hannu biyu har muka sauka.

Ban daddara ba, na tafi gidan Doña Sixta. Na same ta tana ɗaure lemo a leda, firjin na gurnani a bayanta. Ta ga fuskata ta fara kuka tun ban yi magana ba.

"'Yata, ni na riƙe ki a coci a gaban Fada kina tsumma, yau ke ce kike kiran sunana a ofis?"

"Uwata, mutum ɗaya kawai ake nema ya shaida."

"To me ya sa sai ni? Wilfrido yana da kanti, ki je wajensa. Ni in aka karɓe katin, tsohon nan ba zai ga Kirsimeti ba."

Na je wajen Don Wilfrido. Yana auna shinkafa, ko ɗago kai bai yi ba.

"Talabijin? Wane talabijin? Wannan ai na ƙanena ne, bayan an gama duban ya kawo shi. Ki gaida min Evaristo, ki ce masa ya rage shan zaƙi."

Daga ranar aka daina amsa gaisuwata a layi. Amma ba su daina aiko da abinci ba, kada a ce musu marasa kirki. Wannan ta aiko da romon kifi, waccan da dafaffen rogo. Doña Sixta kuwa kullum da rana sai ƙanƙara ta iso, wai a ɗora wa ƙafar komfadre, kamar yadda take kiran Baba. Ni zubarwa nake a ƙorama, Mama ta bi bayana ta mayar da kwanon da godiya.

Muka rubuta neman sake dubawa, muka shiga jira. Kafin nan muka sayar da taru, muka sayar da gado, daga ƙarshe kwalekwalen ya tafi. Abin da aka samu ya sayi allurai na ɗan lokaci, kumburin ya sauka, ya sake hawa. Baba ya daina tsokanar kogi, sai dai ya tsokani ƙafar.

"Ke dai kin ga duniya," yake ce mata. "Kin taka rawa a bikin Santa Rita har gari ya san ki. Yanzu kuma kin zama 'yar gidan masu kuɗi, ba ki son tafiya."

Wata safiya na kwance tsumman na ga yatsun sun yi baƙi, jikinsa kamar garwashi, yana kiran sunan ƙanena da ya rasu. Maza huɗu suka ɗauke shi a cikin lilonsa zuwa bakin ruwa, har da Don Wilfrido a gaba, yana ta cewa a yi a hankali. A asibiti ba wanda ya tambaye mu kati. Likitan ya cika alkawari. Suka yanke ta daga saman gwiwa, aiki mai kyau, kyauta.

Ana cikin damina ma'aikatan suka dawo. Wannan karon wani dattijo ne. Mama ta hango shi ta ɗauki mayafi, wai za ta aro kujera don baƙo ba ya zama a ƙasa. Na tare ƙofa.

"Na rantse da Allah, Mama, in kujera ta shigo gidan nan sai na faskara ta."

Mutumin ya yi rubutunsa a tsaye. Ba abin da zai ɓata masa lokaci, tukunya biyu ne da tabarma da lilo da mutum mai ƙafa ɗaya. Ya ce bai taɓa ba da maki ƙasa da namu ba a duk yankin, ya taya mu murna. Katin ya zo da hoton Baba, yana murmushi a ciki. Na kai shi asibiti neman ƙafar roba, aka ce ba ta cikin abin da katin ke biya, an cire ta don rage kashe kuɗi. Aka ba mu sanduna.

Ban koma Barranquilla ba. Ina saro kifi a hannun wanda ya sayi kwalekwalenmu, in soya in sayar a tashar jirgi. Baba yana wuni a lilo yana gyaran tarun wasu. Takalminsa na hagu Mama ta ƙi yarwa, ta goge shi ta ɗora a kan katanga.

Bana rediyo ya sake tashi. Wai kuɗin lafiya sun yi wa gwamnati yawa, an gano masu hali sun cika cikin talakawa, za a sake bin gari gida-gida. Mu da aka duba kwanan nan ba za a taɓa mu ba, har aka liƙa mana sabuwar sitika, koriya shar. Na tsaya ina kallonta, na san abin da ke tafe.

Da la'asar na ji ƙarar amalanke. Ina daka tafarnuwa, na miƙe da taɓarya a hannu. Doña Sixta ce, ta rame, mayafinta baƙi a kafaɗa, jakin yana jan firji a lulluɓe da zanin gadon nan dai. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa haɗa ido da kowa.

"Komadre," ta ce da Mama. "Na san ban da bakin magana. Amma tunda ku an gama da ku... zuwa jibi kawai. Saboda tsohon nan."

Mama ba ta ce a shigo ba, ba ta ce a koma ba. Ta dubi firjin, ta dubi ƙasa, na ga hannunta ya fara tafiya wajen sakatar ƙofa. Na buɗe baki zan faɗi abin da zai raba zumuncin har abada, sai Baba ya yi gyaran murya.

Ya ajiye tarun. Ya yaye zanin da ke cinyarsa, dungulmin ya fito fili, ga tabon ɗinkin. Bai taɓa nuna wa wani bare ba.

"Komadre Sixta, sannu da zuwa," in ji shi, da muryar nan tasa ta wasa. "Yaya yaron naki? Na ga ya yi ƙiba. Ki yi haƙuri ki kai shi wani gidan. Wancan zuwan ya ci min ƙafa ɗaya, ɗaya ce ta rage."

Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai yi ba. Doña Sixta ta tsaya riƙe da igiyar jakin, ruwan ƙanƙara yana ɗiga daga ƙarƙashin zanin. Mama ta janye hannunta daga sakatar, ta shiga madafi. Can sai ga ta da gahawa a ƙaramin kofin da ya rage mana, ta miƙa wa komadre a bakin ƙofa, don ba a barin baƙo ya koma bai sha komai ba.